Ku Tambayi Anti: Sau uku sufabaiza yana dawo min da tofik

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Ni ma'aikaciyar OT ce, wato okufeshonal terafi, mu ne masu koya wa majinyaci komawa harkokinsa bayan ciwo ya kayar da shi, cin abinci, wanka, sa kaya, sana'a, duk da a nan kowa 'yar gashi, wato mai gashin ƙashi, yake ce min har na gaji da gyarawa. A kudu na yi karatu, aure ya kawo ni Zariya, yanzu ina mastas a ɓangaren koyar da ma'aikatan lafiya kuma so nake bincikena ya tsaya kan yadda ake koyar da OT. Sau uku ina kai tofik sufabaiza yana dawo min da shi wai ya yi faɗi, na ƙarshe ma cewa ya yi in raba wa mutum 300 takardar tambayoyi in huta, to Anti ina zan samo 'yan OT 300? Wallahi har na fara tunanin canja layi. Dan Allah a ba ni shawara.

Wata ɗaliba, Samaru

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kar ki canja layi. Kuma ki yi haƙuri, ba ki turo min tofik ɗin ba amma ina zargin malamin naki yana da gaskiya a maganar faɗi, don irin wanda ɗalibai suka saba kaiwa shi ne "matsalolin koyar da OT a Najeriya", wannan kuwa ko shekara goma aka ba ki ba za ki ga ƙarshensa ba. Inda ban bi shi ba shi ne mutum 300 ɗin. Wuraren da aka daɗe da sani da koyar da fannin nan ai a tafin hannu suke, Jami'ar Obafemi Awolowo a Ile-Ife da makarantar tarayya ta Oshodi a Legas, hukumar MRTB mai yi muku rajista kuwa dokar da ta kafa ta ta 1988 ce, kuma ke kanki kin san 'yan gashi sun ninka ku yawa nesa ba kusa ba. Idan kika dage sai 300, ƙarshenta nas-nas da ɗaliban likitanci za ki raba wa, su ce ba su san OT ba, ki rubuta "a ƙara wayar da kai". Abin da kika sani tun kafin ki sayi takardar firintin kenan.

Tofik ɗinki yana nan a gabanki, kullum kina ganinsa a wajen aiki. Bari in ba ki labarin wani dattijo maƙwabcinmu a cikin gari da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. An sallamo shi yana takawa da sanda, kowa na ta barka, amma bawan Allah ya daina fitowa zaure cin tuwon dare da mutane, ya rame, iyali suka ɗauka ciwon ne ya dawo. Ashe ba ya iya yanko loma da dama, shi kuma ya rantse ba zai ci da hagu a gaban jama'a ba, kunya ta hana shi faɗa. Sai buta, idan ya kama ta da hagu ya zuba wa dama, to wa zai zuba wa hagun? Kullum sai ya jira jikansa ya dawo daga islamiyya. Abin da ya warware masa ba wani abin kuɗi ba ne, cokali aka naɗe wa mariƙi da robar tayar keke har ya yi kaurin da yatsunsa za su iya damƙa, aka samo bokiti mai famfo aka ɗora kan turmi, aka fasa tsakiyar kujerar roba aka aza kan masai tunda tsugunno ya gagara. Ranar da ya yi alwala shi kaɗai sai da matarsa ta yi kuka.

Yanzu ɗauko ma'aunin Barthel da aka koya miki a aji. A Amurka aka yi shi, an buga shi a 1965, abu goma yake dubawa, maki daga 0 zuwa 100: ci, wanka, gyaran jiki, sa kaya, riƙe fitsari da bayan gida, shiga bandaki, tashi daga gado zuwa kujera, tafiya, hawa bene. Ma'auni ne mai kyau, ban raina shi ba. Amma ina alwala a ciki? Ina sujada da zaman tahiya, ina tashi daga tabarma, ina ɗaura zani da hannu ɗaya, ina goyo? Tsohuwar da gidansu ko dakali babu ana tambayarta hawa bene. To tambayar bincikenki kenan: wanda aka koyar da waɗannan ma'aunai, idan ya zo aiki cikin Hausawa, me yake tarar ba a shirya shi a kai ba, kuma ya yake yi? Ƙungiyar OT ta duniya, wadda aka kafa a 1952, ta sharɗanta wa ɗalibi aƙalla awa 1,000 na koyon aiki a kan majinyata kafin ya gama. Ki tambayi 'yan OT cikin awannin nan sau nawa wani ya nuna musu yadda mai hannu ɗaya zai yi alwala. Ke ma da kika zo daga kudu ai kina da taki amsar, sai dai ki riƙe ta a ciki kar ki sa wa mutane magana a baki.

Wannan ba ya son mutum 300. 'Yan OT 12 zuwa 15 da za ki zauna da su hira mai zurfi sun isa, ki nemo su ta asibitocin koyarwa, da na ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, da na ƙashi na Dala a Kano, wanda ya yi nisa ku yi ta waya. Sai dai ki sani rubuta hirar awa ɗaya na iya cinye miki wuni, kar ki tara su sai ƙarshe.

Idan malamin naki mai son alƙaluma ne, kuma da yawansu haka suke, ga hanyar sulhu. Akwai ma'aunin COPM na Kanada da ya fito a 1991, shi majinyaci ne da kansa yake zaɓo abubuwa har biyar da suka fi damunsa, ya ba kansa maki daga 1 zuwa 10 kan yadda yake iya yin su da kuma gamsuwarsa. Ga lambobi nan na sufabaiza, ga alwala da tuwo sun shigo da bakin mai ciwo. Amma fa ki shirya, Bahaushiyar tsohuwa ko me kika tambaye ta "Alhamdulillahi, da sauƙi" za ta ce, ki ce ta ba da maki ta ce ke dai 'yar nan rubuta abin da kika gani. Gwada zube mata ƙwayar wake goma a faifai ki ce ta ware gwargwadon ƙarfin da take ji. Yadda ɗalibai ke fama da wannan "da sauƙi" ɗin ma babi ne guda. Kuma ki nemi izinin masu ma'aunin kafin ki fassara, a juya shi zuwa Hausa, wani daban da bai ga na asali ba ya mayar da shi Turanci, a gwada a ga inda ma'ana ta zame.

Takardar izinin kwamitin ɗa'ar bincike kuwa ki fara nemanta yau, misali idan a asibitin koyarwa na Shika za ki taɓa majinyata sai kwamitin asibitin ya sa hannu, kuma ba a kwana biyu ake samu ba. Takardar amincewa ki yi ta da Hausa, ki tanadi ta ajami don dattijai da yawa ita suka fi karantawa. Shiga gida sai da sallamar mai gida, kuma kar ki sa zuwa gidaje da yamma cikin azumi, ba mai sauraronki ana fama da kunu da ƙosai.

Ki rubuta tofik ɗin a layi biyu, ki haɗa da shafi ɗaya na dalili, ki kai masa da safe kafin ɗalibai su cika ofis. In ya sake dawowa da shi ki turo min ainihin abin da ya rubuta da jan biro mu duba tare.