Amsa ga Alhaji kan tafiyar mota da iyali zuwa ƙasar kaboyi

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Alhaji, na saurari saƙonka inda ka ce kana so ka ɗauki Hajiya da yara daga birnin Denver na Amurka a hutun watan Yuli, ku ga Dutsen Rushmore mai sassaƙen fuskokin shugabannin Amurka da gandayen daji na Yellowstone da Grand Teton cikin kwana biyar, kuma ka nemi shawarar waɗanda suka taɓa bin hanyar. Shawarata ita ce ka cire Rushmore daga lissafin, domin yana can gabas a Dakota ta Kudu, ka tsaya a kan jihar Wyoming kaɗai, inda sauran biyun suke, idan kuma da hali ka ƙara kwana biyu a kan biyar ɗin.

Dalilina shi ne nisa. Wyoming ta ninka Jihar Kano fiye da sau goma a faɗin ƙasa, amma a ƙidayar 2020 mutanenta ba su kai 600,000 ba, babu jihar da ta kai ta ƙarancin jama'a a duk Amurka. Daga Denver zuwa Cheyenne kusan kilomita 160 ne, daga nan zuwa Casper kusan 285, sannan tsakanin Casper da Shoshoni akwai wasu 160 ɗin da ba za ka ga komai ba sai fili da gajerun tsirrai masu launin toka da wata dabba mai kama da barewa tana kiwo a nesa. Saboda haka da zarar mai ya sauka zuwa rabin tanki ka tsaya ka cika, kuma ka sauke taswirar hanya a wayarka tun daga gida, domin sabis yakan ɗauke na tsawon lokaci. Naman halal ma a Denver za ku saye shi ku zuba a kula da ƙanƙara, don da wuya ku same shi a ƙananan garuruwa.

Wannan filin da mutane ke ratsawa da gudu don su isa duwatsu, a ganina shi ne ya fi cancanta a nuna wa yara, domin a nan tarihin kaboyi yake. Bayan yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, makiyaya bisa dawaki suka riƙa koro garkunan shanu daga Texas zuwa arewa, kuma da yawa daga cikinsu baƙaƙen fata ne da 'yan Meziko, abin da finafinan da muka taso muna kallo ba su cika nunawa ba. Zamanin bai daɗe ba. An yi rajistar waya mai ƙaya a 1874, masu filaye suka fara killace wuraren kiwo suna toshe burtali, sai kuma matsanancin hunturun 1886 zuwa 1887 ya kashe shanu masu ɗimbin yawa. A 1892 har jini aka zubar a gundumar Johnson tsakanin manyan masu garke da ƙananan makiyaya. Kafin su duka kuwa, ƙasar ta ƙabilun asali ce, kuma har yau Shoshone da Arapaho suna zaune a yankin Wind River da za ku bi ta gefensa. Ina ganin haƙƙi ne yara su ji wannan ɓangaren tare da labarin hula da igiya.

Idan kuka wuce Shoshoni hanya za ta shige wani ƙunci tsakanin duwatsu, kogi a gefe, har ku fito Thermopolis, inda akwai gidan wankan ruwan zafi na gwamnatin jiha da ba a biyan ko sisi. Daga nan sai Cody, garin da aka sa wa sunan Buffalo Bill Cody, shahararren mai shirya wasannin kaboyi, inda ake wasan rodiyo kowane dare daga Yuni zuwa Agusta. Ku zauna kusa da shinge. Za ka ga an saki maraƙi da gudu, mahayi ya bi shi yana juya igiya bisa kansa, ya zarge shi, ya diro ya ɗaure masa ƙafa uku, shi kuwa dokin ya tsaya cak yana ja da baya a hankali don kada igiyar ta saki. Ni horon dokin ne ya fi ƙayatar da ni, domin babu mai riƙe da linzami a wannan lokacin. Idan tafiyar ta faɗo a ƙarshen Yuli, babban bikin rodiyo na Cheyenne da aka fara tun 1897 yana ci, sai dai masauki yakan yi tsada ƙwarai.

Daga Cody zuwa ƙofar gabas ta Yellowstone kusan kilomita 85 ne. An keɓe wannan gandun tun 1872, kuma a cikinsa ba a gudu, sau da yawa ma garken ɓauna kan tare titi kowa ya jira. A nan zan roƙe ka da babbar murya, Alhaji: doka ta ce a bar tazarar mita 23 tsakanin mutum da ɓauna, mita 91 kuma ga beyar da kyarkeci, kuma ɓaunar da ka gani tana tafe kamar ba ta da laka ta fi mutum gudu nesa ba kusa ba. A wajen maɓuɓɓugan ruwan zafi kada yaro ya sauka daga kan katakon da aka shimfiɗa, domin ƙasar da ke ƙarƙashi ɓawo ne kawai bisa tafasasshen ruwa. Shahararren maɓuɓɓugin da ake kira Old Faithful yakan yi feshi kusan duk bayan minti 90, don haka idan kun tarar ya gama sai ku ci abinci ku jira.

Ku tafi da rigunan sanyi duk da cewa Yuli ne, saboda wurin yana da tudu sosai kuma asuba takan yi sanyi mai shiga ƙashi, sannan ku sani magariba kan kai kusan ƙarfe tara. Wajen dawowa ku fita ta kudu ku ga dutsen Grand Teton mai tsayin mita 4,199, ku kwana a Dubois ko Lander maimakon Jackson mai tsada, washegari ku bi ta Rawlins da Laramie zuwa gida. Allah Ya kai ku lafiya, a gaida Hajiya da yara.