Amsa: Na isa in koma fiyanon katako?

Malam, ka ce shekara biyu kana kaɗa kibod mai maɓalli 61, kana so ka san ko hannunka ya faɗa har ka sayi fiyanon katako. Eh ka isa, ba sai ka zama gwani ba, amma gwada kanka tukuna. Kashe kiɗan rakiyar nan da kibod ke yi maka, ka ɗauki kanka a waya kana kaɗa waƙa ɗaya har ƙarshe, in hagu bai tsaya jiran dama ba kuma ba ka gudu a wurin da ka fi iyawa, to ka kai.

Sharaɗin dai samun mai saita sautin fiyanon. Maɓallansa 88 ne masu nauyi, makon farko ƙaramin yatsana har tsami ya yi. Kuma hunturu ba ya raga wa katako, iska na bushewa sautin ya sauka, nawa wata Janairu ya koma kamar ana buga kwano, wata biyu ina cigiyar mai gyara. In babu mai zuwa garinku ko sau ɗaya a shekara, ɗauki na lantarki mai maɓalli masu nauyi, irin Yamaha P-45.