Ga 'yar'uwar da ke son ajiye koyarwa ta kama rubutun nobel

Salama ƙanwata. Na ga tambayarki, kin ce kin gama rubuta labarinki na farko da Hausa, labarin Kirista, kina so ki ajiye aikin koyarwa ki zauna kan rubutu kaɗai, ga kuma wani dattijo a ikilisiyarku ya ce nobel ƙarya ce bai dace mai bi ya rubuta ba. Na ga wasu nan suna ce miki ki taka da bangaskiya kawai Ubangiji zai tanada. To ni da na daɗe a harkar nan ina roƙonki kar ki ajiye aikin nan. Kar ki saki reshe ki kama ganye. Albashin koyarwa ba yawa na sani, nima alli nake riƙewa har yau, amma shi ya saya min takarda, shi ya biya mai buga min a kwamfuta, shi ya rufa min asiri lokacin da littafi ya kusa jefa gidana cikin bashi.

Bari in gaya miki yadda aka yi. Littafina na farko da kuɗin adashi na buga shi, na haɗa da rancen kofaretib na makaranta, don da wuya ki sami kamfanin da zai ɗauki nobel ɗin Kirista na Hausa ya buga miki ya biya ki, ke za ki biya komai, tun daga lambar shaidar littafi, wato ISBN, da ake karɓa a Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa har kuɗin bango. Littafi ya fito, ina murna, sai wani ɗan'uwa mai kai littattafai wajen taruka ya zo har gida ya ce Mama ki ba ni in kai miki taron Zumuntar Mata na shekara, mata dubbai za su zo, kafin Lahadi sun ƙare. Mutumin nan tare muke sujada, shi ke jan addu'a wani lokaci, matarsa muna ƙungiyar waƙa ɗaya. Ya kwashe katan-katan ya loda a mota. Kuma sun ƙare ɗin fa, don daga baya na haɗu da wata mata a tasha tana riƙe da shi har ya yi laushi don karatu, ta ce a wurin taron ta saya, ta faɗi ma farashin, ya fi wanda na sa. Amma ko naira ɗaya ban gani ba. Yau ya ce bashi mata suka ɗauka, gobe ya ce ruwa ya jiƙa rabi, jibi waya a kashe. Ranar da na tare shi bayan sujada a ƙofar majami'a sai ya yi murmushi ya ce haba Mama, ke da kike wa Allah aiki, ladanki na sama. A gaban mutane fa! Na rasa bakin magana, na koma gida na shige ɗaki na yi kuka kamar an yi min mutuwa, ana cire kuɗin kofaretib daga albashina wata bayan wata shi kuwa ya sauya babur. Maigidana ya ce ki bar shi da Allah, fasto ya ce a yi haƙuri kar a ɓata sunan ikilisiya. Na yafe masa, na faɗa a baki na faɗa a addu'a, amma har yau in ya tashi jan addu'a idona ba ya rufuwa sosai, gaskiya ce nake gaya miki. Abin da ya fi ci min rai ba kuɗin ba ne ma, wannan kalmar ce ta ladanki na sama. Mai gyaran janaretan majami'a ana biyansa, mai hayar kanofi ana biyansa, sai marubuci ne zai ci lada da miya? Luka 10:7 ta ce ma'aikaci ya cancanci ladansa, ba ni na rubuta ba.

Don haka ko waye, ko ɗan limami ne, kuɗi a hannu littafi a hannu. In shagon littattafai ne a rubuta a takarda kwafi nawa aka karɓa, a sa hannu. Ki gwada shagunan littattafan Kirista irin su Challenge na ECWA da ACTS da ke Bukuru, amma ki sani yawancin masu shiga can Littafi Mai Tsarki suke nema da Littafin Waƙoƙi da littattafan ɗaliban tauhidi, labari a hankali yake tafiya. Ki buga kaɗan tukuna. Kuma ki zauna kusa da mai bugawa ki duba shafi-shafi kafin a kunna inji, don injinansu na mayar da ƙ da ɗ da ɓ wasu akwatuna ko su cinye ƙugiyar, sai ki ga ƙasa ta koma kasa.

Maganar dattijon nan kuma, kar ki yi masa gardama a gaban jama'a, babba ne. Ki same shi a gida ki durƙusa ki gaishe shi, ki ce Baba, labarin ɗan nan da ya karɓi gadonsa ya tafi ya lalatar a Luka 15, a wane ƙauye aka yi shi? Annabi Natan da ya je wa Dawuda a 2 Sama'ila 12, ai da labarin matalauci mai 'yar tunkiya guda ya shiga masa, sai da Dawuda ya yanke hukunci da bakinsa sannan aka ce masa kai ne mutumin. Yawanci ba ƙaryar suke tsoro ba, tsoronsu kar su ga kansu a ciki. Ni an taɓa kira na gaban dattawa saboda na sa matar fasto a labari tana kishi tana ɓoye baƙin ciki, aka ce wai da wance nake. Ban ma san wancen tana da wannan damuwar ba sai ranar.

Kuma wannan ya kawo ni kan abin da ba ki tambaya ba. Don Allah kar ki rubuta wa'azi ki sa masa sunayen mutane ki ce labari ne. Mun cika yin haka. Yarinya ta yi ciki a babi na 2, ta tuba a babi na 3, sauran duk ayoyi. Matan zumunta ba yara ba ne, sun binne 'ya'ya, wasu sun gudu daga ƙauyukansu da dare, wasu mazansu na shan burkutu su dawo su doke su Lahadi kuma a zauna benci ɗaya. In kin rubuta musu mace da ke addu'a shekara da shekaru ba amsa kuma ba ta bar bangaskiya ba, za su saya su saya wa ƙannensu. Ki bar tuba ta zo da wuya yadda take zuwa a rayuwa.

Hausar ma ki lura da ita. Masu karanta mu ba Kanawa ba ne galibi. Mutanen Filato ne, kudancin Kaduna, Tafawa Balewa, Billiri da Kaltungo, Biu, Zuru, su Adamawa, sai 'yan'uwa Hausawa na wajen Malumfashi da Wusasa da Maraɗi. Da yawa Hausa harshensu na biyu ne, a majami'a suka koyi karanta ta, tun fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932 iyayenmu da ita suke sujada. In kin cika zurfafa karin magana za su ajiye. Matasa kuma Turanci suke karantawa a waya, shi ya sa wasu ke ce min in koma Turanci, ni dai na ƙi, masu Turanci sun yi yawa, uwata kuwa ba mai rubuta mata.

Ki koyi dabara wurin marubutan Kano, ba abin kunya ba ne, sun riga mu nisa. Suna sakin shafukan farko kyauta a WhatsApp, in labari ya kama mutum sai ya biya a sa shi a guruf na masu biya. Nima haka nake yi yanzu kuma ya fi min takarda sauƙi, duk da akwai masu turawa ƙawayensu kyauta, 'yan'uwa a cikin Ubangiji kuwa, su ma in kin yi magana aikin Allah ne. Kar ki taɓa tura cikakken PDF wa kowa. Kuma kar ki ajiye duk littattafanki a manhaja ɗaya, manhajar sayar da littattafai ta OkadaBooks da muka dogara da ita ta rufe a ƙarshen 2023, ki riƙe lambobin masu karatunki da kanki. In kina da murya ki karanta babi-babi ki ɗora a YouTube ko ki tura ta waya, tsofaffin da idonsu ya gaji suna saurare suna tsince wake. Gasar Hikayata ta BBC Hausa ma tun 2016 ake yi don mata, gajeren labari ne, ki duba ƙa'idojin shekarar ki shiga, ko ba ki ci ba za ki koyi taƙaita magana.

Lokacin rubutu kuwa ni asuba nake yi bayan addu'ar safe kafin yara su tashi, sai dogon hutu in zauna gyara. Malamar makaranta tana da hutun da ma'aikaciyar banki ba ta da shi, ki riƙe wannan da kyau. Ki ba mutum biyu su karanta miki kafin ki kai wurin bugawa, ɗaya wanda ya san Littafi sosai don kar ki sa aya a inda ba wurinta ba, ɗaya kuma wadda ba ta jin kunyarki. Ki turo min babi na farko ta akwatin saƙo in duba miki ƙarshen mako, amma babi ɗaya kawai fa, kar ki turo duka, ko ni ce.