Tambayoyi da Amsoshi: MP3 ɗin da ka ciro daga YouTube ba 320 ba ne

Tambaya, daga wani mai haɗa kiɗa a Kaduna: Assalamu alaikum. Ina bibiyar sababbin waƙoƙin funk da soul da kiɗan lantarki na ƙananan kamfanoni. Ina sauke su daga YouTube ta wani shafi da ke ba ni MP3 mai 320 kbps (ma'aunin ingancin sauti), amma idan na sa a manyan lasifiku sautin ba ya fita tas. Lasifikar ce ta lalace?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka bar lasifikarka ta huta, ba ta yi maka laifin komai ba. Wannan ɗabi'a ta ciro waƙa daga YouTube ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya, don haka yi haƙuri, yau za ka sha dogon bayani.

Sautin da YouTube ke bai wa wanda ba ya biyan kuɗi an riga an matse shi, da tsarin matse sauti na AAC mai kusan 128 kbps ko na Opus mai kusan 160. A wajen matsewar an zubar da wani ɓangare na sautin, kuma ba ya dawowa. Shafin da kake amfani da shi ɗaukar wannan matsattsen sauti yake yi ya sake matsa shi zuwa MP3, ya rubuta maka 320 a jiki. Tsinkakken kunu ne aka juye maka a babban kwano: kwanon ya girma, kunun bai ƙara kauri ba. Fayil ya ci maka wuri, sauti kuma ya ƙara lalacewa tunda sau biyu aka matse shi. A lasifikar waya ba za ka gane ba, amma a manyan lasifiku asiri ke tonuwa, musamman a siraran sautuka na saman ganguna da kakakin tagulla, waɗanda su ne armashin funk.

In kana son gani da idonka, sauke Spek a kwamfuta, manhaja ce ta kyauta da ke zana sautin fayil da launuka. Jefa mata fayil ɗin. MP3 mai 320 na gaskiya launukansa suna kaiwa wajen 20 kHz (ma'aunin sirantar sauti). In ka ga an yanke su ƙat a wajen 16 kHz, jabu ne. Sai dai wanda aka ciro daga Opus yakan kai 20 ɗin, saboda haka rashin ganin yanka ba ya wanke fayil ɗin.

Ɓarnar ba a sauti kaɗai ta tsaya ba. Irin waɗannan shafuka cike suke da maɓallan saukewa na ƙarya. Wani ya nemi izinin aiko maka da sanarwa, ka danna amincewa, gobe wayarka ta cika da gargaɗin ƙarya wai ta kamu da cuta. Wani kuma maimakon waƙa sai ya sauke maka fayil mai ƙarewa da .apk. Waƙa ba ta taɓa zuwa a APK, manhaja ce, kuma wadda ta ɓoye fuskarta haka ba alheri ta zo da shi ba, a wayar da manhajar bankinka take ciki. Shiga saitin shafuka a Chrome yanzu, ka soke izinin sanarwa na duk shafin da ba ka sani ba.

Yawancin irin kiɗan da kake nema suna Bandcamp, shafin da makaɗa ke sayar da kiɗansu. Idan ka saya, kai za ka zaɓi nau'in fayil: MP3 320, MP3 V0, FLAC, ALAC, AAC, WAV ko AIFF, kuma duk daga asalin fayil ɗin da mai kiɗan ya ɗora ake fitar da su. Waƙar minti 6 a MP3 320 tana cin kusan 14MB, a FLAC kusan 40MB, a WAV ta haura 60MB. Ni dai FLAC, wanda ba ya zubar da komai na sauti, nake cewa a ajiye a kwamfuta, a fitar da MP3 daga cikinsa don waya. Bandcamp na cire kashi 15 cikin 100 na cinikin fayil, sauran na mai kiɗan ne bayan cajin biyan kuɗi. Tun Maris 2020 kuma akwai ranakun Bandcamp Friday da kamfanin ke yafe nasa kason. Kai da ake biya ka kunna kiɗan mutane a biki, dala ɗaya ko biyu a kan waƙa ba za ta karya ka ba. In katinka ya ƙi wucewa, tambayi bankinka ko an buɗe masa ciniki a waje. Wasu faya-fayan ma kai ke yanke farashinsu, har sifili kana iya sawa.

Tambaya, daga wata 'yar'uwa a Yamai: Ta yaya zan riƙa sanin abin da ya fito sabo? Spotify abu ɗaya yake ta maimaita mini.

Amsa: Hajiya, abin da kika saba ji yake dawo miki da shi, haka aka gina shi. Ki daina bin mawaƙa ɗaya-ɗaya, ki bi kamfanoni. A soul da funk akwai Daptone na Brooklyn da Colemine na jihar Ohio. A tsofaffin kiɗan Afirka da ake sake fitarwa akwai Analog Africa da Soundway. A lantarki mai zafi akwai Nyege Nyege Tapes na Kamfala, sai Sahel Sounds da ya fitar da ayyukan makaɗan ƙasarku da dama. Ki danna maɓallin bibiya a shafinsu na Bandcamp, imel zai riƙa zuwa miki duk lokacin da suka saki abu. Tun 2015 Juma'a ce ranar fitar da sababbin faya-fayai a duniya, sai ki leƙa shagunan kiɗa na intanet Boomkat da Juno a ranar. Gidan rediyon NTS na Landan kuma yana jera sunayen waƙoƙin da aka sa a shirye-shiryensa.

Tambaya, daga Zariya: Na sayi kundin waƙoƙi, amma fayil ɗaya ya zo, kuma ya ƙi kunnuwa.

Amsa: ZIP ne, ɗan'uwa, wato an ƙunshe waƙoƙin duka a fayil ɗaya. Warware shi da Files by Google, ko manhajar Files in iPhone ce. Buhu ba ya waƙa sai an kwance bakinsa.

Tambaya, daga Maraɗi: Na koma FLAC amma ban ji bambanci a abin kunnena na Bluetooth ba.

Amsa: Ba za ka ji ba, domin Bluetooth da kansa sake matse sauti yake yi kafin ya isa kunnenka. Masu araha tsarin matsewa na SBC suke amfani da shi, iPhone kuma AAC. Wani tsarin, LDAC, yana kaiwa 990 kbps, yana cikin Android tun sigar 8, amma sai abin kunnen ma ya san shi. Kunna zaɓin masu haɗa manhaja (Developer options) a saitin Android, ka duba wanne wayarka ke amfani da shi yayin da kiɗa ke tafiya. In SBC ka gani kuma ba ya sauyuwa, MP3 320 ya ishe ka, ka huta da cika ma'ajiya. Abin kunne mai igiya ya fi maka arha.

Tambaya, daga Kumasi: Waƙoƙina duk suna fitowa babu sunan mawaƙi, babu hoton kundi.

Amsa: Ina kyautata zaton WAV ka zaɓa, kuma ba kowace manhaja ke karanta bayanan da ke jikinsa ba. Sake sauke su a FLAC ko AIFF, Bandcamp ba zai sake cajin ka ba. Sauran tarkacen kuma gyara bayanansu da manhajar Mp3tag ko MusicBrainz Picard, ka kunna da manhajar Musicolet ko Poweramp.