Fagen Tambayoyinku: Manhaja ɗaya, sakamako biyu

Tambaya: Malam, ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne a Zariya. Ni da abokina mun rubuta shiri iri ɗaya da Qiskit, manhajar rubuta shirye-shiryen kwantum, muka tura wa kwamfutar kwantum ta IBM ta intanet, amma sakamakonmu ya sha bamban. Ko dai wani ya yi mana kutse ne?

Amsa: Ɗana, kwantar da hankalinka tukuna. Kwamfutar kwantum ba ta ba da amsa ɗaya tak. Sai an maimaita gwaji sau dubu ko fiye, a ƙirga sau nawa kowace amsa ta fito. Kiyubit ɗin kansu, wato ƙananan sassan da ke riƙe bayanai a cikin injin, halinsu na sauyawa, shi ya sa ake yawan sake daidaita injin. Na safe da na yamma ma kan bambanta.

Amma tambayarka ta taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Tun da kowa ya saba ganin bambanci, nan ne ɓarawo zai fi samun maɓoya. Kuma ba sai ya je wurin injin ba. Qiskit manhajar Python ce, da pip, kayan aikin sauke manhajojin Python, ka sauke ta, ita kuma ta jawo wasu manhajoji a bayanta waɗanda ba ka taɓa buɗe ko ɗaya ba.

Ka tuna abin da ya faru da XZ Utils, manhajar matse fayiloli, a watan Maris na 2024. Wani mai kiran kansa Jia Tan ya shafe kusan shekara biyu yana taimakawa har aka amince da shi, sannan ya dasa ƙofar baya, wato ɓoyayyar hanyar kutse, a siga ta 5.6.0 da 5.6.1. Wani ɓangare na tarkon yana cikin ƙunshin da ake rabawa ne, ba ya cikin rumbun da jama'a ke dubawa. Andres Freund, injiniya a Microsoft, shi ya gano, bayan ya lura shiga ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, ta ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Rabin daƙiƙa! Har yau idan na tuna sai jikina ya yi sanyi. Irin wannan giɓi ne masu aikin Reproducible Builds, ciki har da 'yan Debian (wani tsarin Linux), ke son toshewa: duk wanda ya harhaɗa manhaja daga tushenta ya sami fayil iri ɗaya sak da wanda aka raba.

To ku zauna da abokinka yau. Ku fara duba sigar Qiskit ɗin kowa, don ta 1.0 da ta fito a 2024 ta cire abubuwa da dama, har da umarnin execute. Ku rubuta sigogin duka a fayil ɗaya tare da lambar hash ta kowanne, wato lambar da ke tantance fayil kamar zanen yatsa, pip zai ƙi duk wanda bai dace ba. Mai fassara da'irarku, wato shirin da kuka rubuta, zuwa yaren injin yana yin ƙuri'a wajen zaɓen hanya, don haka ku ba seed_transpiler lamba ɗaya, ku zaɓi inji ɗaya. Sannan ku ajiye da'irar da ta fito a OpenQASM, yaren rubuta da'irar kwantum, ku gwada naka da nasa layi-layi. Idan sun zo ɗaya, bambancin daga injin ne. Idan ba su zo ɗaya ba, ka sake rubuto mini, ka haɗo da fayilolin biyu.