Tambaya da Amsa: Tungayen masunta na ƙasar Yauri

Tambaya: Na je sarin banda Yauri, sai na ga kusan kowane ƙauyen bakin ruwa sunansa Tungar wane ko Gungun wane. Mene ne asalin wannan? Sannan me ya sa bandar da na saro ta yi fumfuna tun mako biyu bai cika ba?
Mai karatu daga Jega

Amsa: Malam, gungu shi ne tsibiri. Gungawa, waɗanda ke kiran kansu Reshe, a tsibiran kogin Neja suka zauna, suna su, suna noman albasa da ban ruwa. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968 ruwa ya cinye yawancin tsibiran, aka tayar da mutane sama da 40,000 zuwa tudu, wasu suka tafi da sunan tsohon garinsu. Shi ya sa za ka ji Gungu alhali ƙasa ce busasshiya. Ita kuwa tunga zango ce: masunci, galibi Basarke, wato ɗan ƙabilar Sarkawa masu sana'ar su, ya kafa bukka don kamun shekara ɗaya, kifi ya yi albarka, dangi suka biyo shi, wurin ya ɗauki sunansa.

Cikar kogi sau biyu a shekara ke juya rayuwarsu. Farin ruwa na daminar yankin nan ne, mai laka. Baƙin ruwa kuwa daga tsaunukan Gini yake tasowa, ba ya isowa sai cikin hunturu. Kayan aiki su ne kalli (ragar da ake kafawa cikin ruwa), birgi (ragar jifa), mamari (igiya mai jerin ƙugiyoyi) da gura (tarkon kifi). Akwai kuma dala, babbar ragar da ake ja daga gaɓa don warangi, wato wasu 'yan ƙananan kifaye. Idonta ƙanana ne ƙwarai, har 'ya'yan giwan ruwa da na karfasa take kwashewa, kuma ita ce babbar mai talauta tafkin Kainji.

Bandarka kuwa, mai yiwuwa wuta aka cika mata da farko. Fata ta ƙone ta rufe, ciki ya rage da danshi. Mai kyau ana fede kifin, a wanke, a bar shi ya tsane, a lanƙwasa tarwada a soke ta da tsinke, sannan a ɗora kan garwashi marar ƙarfi ana juyawa kwana biyu zuwa uku. Ta 'yan sa'o'i ta ci ce, ba ta ajiya ba. In za ka saya, karya ɗaya ta wajen kauri: in naman ya yi laushi ko ta yi maka nauyi a hannu, bar ta. Kada ka ƙulle ta a leda, zufa take yi. Kwando ko kwali ya fi, kana mayar da ita hayaƙi duk bayan 'yan kwanaki. Wadda ka ga ko ƙuda ba ya sauka a kanta, shinshina da kyau, don akwai masu fesa mata maganin ƙwari.