Faifan ƙarshe na Pink Floyd, ya kama ƙafar na da?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni ɗalibi ne, daga Tawa nake rubuto maka. Kawuna, Allah ya jiƙansa, ya daɗe yana aiki a Yamai, kuma da aka raba kayansa ni na samu wani kwali cike da kaset. A ciki akwai biyu na wasu Turawan Ingila, Pink Floyd: The Dark Side of the Moon da Wish You Were Here. Na saurara har na kamu. Sai na nemi na ƙarshen da suka fitar, The Endless River, wani mai tura waƙoƙi a kasuwa ya sa mini shi a waya. Baba, na saurara sau biyu, ban ji waƙa ba sai kiɗa zalla, kamar ana ta shirin farawa ba a fara ba. Abokaina a fada sun ce tsufa ne ya kama su. Ni ne ban iya saurare ba, ko da gaske bai kai na da ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan kawunka, ya kai haske kabarinsa. Ka adana kaset ɗin nan nesa da rana da ƙura, don irinsu ba su da yawa yanzu.

Kunnenka lafiya lau yake. Faifan bai kai na da ba, ba zan yi maka kwana-kwana ba. Inda ban yarda da abokanka ba shi ne dalilin da suka bayar. Hannun David Gilmour, mai gitar ƙungiyar, bai tsufa a kan gita ba, duk da yana da shekara 68 lokacin da faifan ya fito a watan Nuwamba na 2014. Abin da ya ragu wani abu ne daban, kuma sai ka san yadda aka yi na da ɗin za ka gane shi.

Ni a ɗakin wani abokina na fara jin The Dark Side of the Moon, can Harobanda, hayin kogi, muna samari. Rediyo mai kaset ce da shi, mai cin pil shida, kuma don kada pil ya ƙare da bik muke mayar da kaset baya, a soka a rami a yi ta juyawa. Ya danna, sai shiru, sai wani ɗif-ɗif can ƙasa kamar ana daka a unguwa mai nisa. Na ce masa rediyon ta lalace. Ya ɗora yatsa a baki, ya kama hannuna ya aza a ƙirjina. Bugun zuciya ne. Da shi faifan ya fara, da shi ya ƙare, kuma tsakaninsu minti arba'in da ƴan kai babu inda kiɗan ya tsaya sai inda ake juya kaset. Faransanci muka yi a lakwal, Ingilishinmu bai taka kara ya karya ba, amma da agogai suka ɓarke da ƙara gaba ɗaya mun san maganar lokaci ake yi, da tsabar kuɗi suka fara zuba a bisa kari mai bugu bakwai mun san an zo kan kuɗi. Sai wurin da wata mace, Clare Torry, take rera murya ba kalma ko ɗaya a kan piyanon Richard Wright. Duk wanda ya taɓa tsayawa a zauren gidan rasuwa ya ji kukan da ke fitowa daga cikin gida, ya san wannan muryar. Daren nan ba mu sake magana ba har shayi ya huce.

An fitar da wannan faifai a Maris na 1973, kuma a cikin su huɗun babu wanda ya cika shekara talatin. Ka ɗauke su kamar ƙungiyar makaɗan fada irin namu. Roger Waters shi ne mai baki, shi ya rubuta kalmomin faifan duka, mutum mai zafin rai da ke da abin faɗa game da mutuwa da kwaɗayi da taɓin hankali. Gilmour ga gita ga murya mai sanyi. Nick Mason a kan ganguna. Wright kuwa, mai organ da piyano, shi ne shimfiɗar da kowa ke zaune a kai, wadda ba a lura da ita sai an janye. Ɗaya ya kawo ɗaci, ɗaya ya kawo zaƙi, a yi ta ja-in-ja a ɗakin ɗaukar sauti na Abbey Road har abu ya nuna. Wish You Were Here na 1975 ma haka, sai dai shi yana da ciwo guda da ya ɗaure shi: tsohon jagoransu Syd Barrett, wanda hankalinsa ya gushe suka rabu da shi a 1968. Suna cikin aikin faifan ya shigo musu, ya yi ƙiba, ya aske kai har da gira, suka daɗe ba su gane shi ba. Ka sake sauraren sautin gitar nan guda huɗu da ke fitowa bayan dogon jan organ a farkon kaset ɗinka na biyu, yanzu da ka san wa ake kira da su.

Wannan irin kiɗa, da Turawa ke ce wa furogiresif rok, dogon zango gare shi: waƙa ɗaya ta kai minti goma ko ashirin, ta sauya kari, ta bar hanya ta dawo. Dogon zango kuwa sai da inda aka nufa. A faifan da, kalmomin Waters ne ke riƙe da akala.

Daga nan aka ɓata. Lokacin aikin The Wall na 1979 Waters ya matsa har Wright ya fita daga ƙungiyar. Faifan da ya biyo baya, The Final Cut na 1983, babu Wright a ciki ko kaɗan, kuma idan ka same shi ka saurara, don shi ne kishiyar wanda ka yi tambaya a kai: magana ce tuli, mai nauyi, amma a bushe, kamar tuwo ba miya. Waters ya tafi a 1985, aka shiga kotu kan sunan ƙungiya, aka sasanta a ƙarshen 1987. Su huɗun ba su sake hawa dandali tare ba sai sau ɗaya, a Landan, ranar 2 ga Yuli 2005. Wright ya rasu a Satumba na 2008, sankara ce ajalinsa, yana da shekara 65.

To, ga asalin faifan da ke cikin wayarka. A 1993 Gilmour da Mason da Wright sun zauna suna kiɗa ba tare da tsari ba, suna neman abin da zai zama The Division Bell na 1994, wani ɓangare a cikin jirgin ruwan Gilmour mai suna Astoria da ke ɗaure a bakin kogin Tems. Suka bar wajen awa ashirin na sauti a ajiye. Bayan rasuwar Wright ne sauran biyun suka koma kan wannan ajiya, suka tsamo, suka ƙara gita da ganga a kai, suka jera guntaye goma sha takwas. Ɗaya tak ce cikakkiyar waƙa mai baiti, ta ƙarshe, kuma matar Gilmour, Polly Samson, ce ta rubuta kalmominta. Ku da kuke fada kun san shayi na uku: ganyen na farko ne aka sake zuba wa ruwa. Ƙamshin yana nan, ƙarfin ya tafi. Abin da ka ji, cewa ana ta shirin farawa ba a fara ba, gaskiya ne, domin da yawa cikin guntayen ba su wuce minti biyu ba. Za ka ji wani kari mai kyau ya taso, ka gyara zama, sai ya narke ya shiga wani. A 1973 da sun kwana wata guda suna gardama a kansa har ya zama waƙa. Waƙar ƙarshen ma, a ganina, kalmominta sun yi sauƙi da yawa, ba su da ƙaya.

Amma ban yarda a jefar da shi ba, kuma ina da dalili. Ta'aziyya ce. Mutum biyu ne suka ɗauki abin da ya rage na hannun abokinsu, wanda aka taɓa kora, wanda aka daɗe ana raina rabonsa a aikin, suka sa shi a gaba su suka koma baya. Shi ya sa babu baki: wanda ake so ka ji ba da baki yake magana ba. Na gane haka ne wani dare na ɗari, kuran ya ɗauke a unguwarmu, na fita na zauna kusa da Gadar Kennedy, kogi ya cika kamar yadda yake yi mana a wannan lokacin, abin saurare a kunne. Can wajen kashi na uku na faifan sai ga wani organ mai girman gaske, kamar an buɗe ƙofar wani babban zaure. Wright ne a kan organ ɗin Royal Albert Hall, babban zauren wasanni na Landan, an ɗauka tun 1969 yana saurayi. Bai kai minti biyu ba. Na mayar da shi baya sau huɗu. Ya tuna mini da organ ɗin Mamman Sani namu, wanda mu ƴan wancan zamani muka tashi muna ji tsakanin shirye-shirye a rediyo da talabijin, kiɗan da ba ya neman ka tafa masa, sai dai ya zauna tare da kai.

Idan kana son gwaji na adalci tsakanin tsufansu da ƙuruciyarsu, nemi The Division Bell. Nan akwai waƙoƙi cikakku, akwai wadda Wright ya ja baki da kansa, abin da ya daɗe bai yi ba, kuma waƙar rufewa, mai farawa da bugun ƙararrawa, ni dai ina ajiye ta kusa da na 1975 ba tare da kunya ba. Daga kalmomin ƙarshenta aka ciro sunan The Endless River. Shi ma bai kai biyun kawunka ba, yana da wuraren da ya yi laushi fiye da kima, amma ya fi kusa. Bayan shi sai ka koma wa na 2014, da dare, kai kaɗai, ba a fada ba, kuma ka bi organ ɗin ka ƙyale gitar.

Tambaya: Baba, ina wuni. Daga Bukoki nake, nan Yamai. Hoton da ke kan wannan faifai na ƙarshe, mutum a tsaye cikin kwale-kwale yana tuƙi, ni da ƙanwata muna musu. Ta ce a kan kogi irin namu aka ɗauka.

Amsa: Lafiya lau, ƴata. Ƙanwarki tana da uzuri, don tsayuwar mutumin da yadda ya riƙe sandar tuƙi kamar masuntanmu ne da asuba. Amma ki duba ƙarƙashin jirgin da kyau, gajimare ne ba ruwa ba, kuma da kwamfuta aka haɗa shi. Tunanin na wani yaro ne ɗan Masar, Ahmed Emad Eldin, yana da shekara 18 a lokacin. Mutumin da ya saba yi musu hotunan faifai tun 1968, Storm Thorgerson, ya rasu a 2013, sai tsohon abokin aikinsa Aubrey Powell ya ga zanen yaron ya zaɓe shi.